Dillalan Waƙa: Mai Cin La'ada da Mai Cin Jarinka

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon duk bakinsu ɗaya: masu rubuta waƙa ne da ake neman su biya kuɗi, ko don a buga musu samfurin waƙa, abin da 'yan sitidiyo ke kira demo, ko don a kai waƙar gaban manya. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kano, ina rubuta waƙoƙi da Hausa da ɗan Turanci, nakan ɗora wasu a Instagram. Wani kamfani da ya ce yana birnin Nashbil na Amurka ya aiko mini saƙo, wai sun zaɓi waƙata daga cikin dubbai. Za su buga mini demo a kan dala 350, in ƙara dala 150 su kai ta ga manyan kamfanoni goma. Sun ba ni kwana uku. Ina tunanin sayar da kekena ɗaya in cika kuɗin. Me kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bar kekenka a inda yake.

Ka san dillali a kara ko a Kantin Kwari. Zai karɓi hajarka, ya zaga da ita, ya sha rana, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa. In ba ta sayu ba, ya tashi a tutar babu. Shi ya sa dillalin kirki ba ya karɓar kowace haja, sai wadda ya ga za ta fita. Haka kasuwar waƙa take a asalinta: mawallafin waƙa, wato kamfanin da ke kula da haƙƙinta yana nema mata kasuwa, ko wakilin da ke tallata ta, yana cin kaso ne daga abin da waƙar ta samo, kuɗi daga wajensu yake gangarowa zuwa wajenka. To wanda ya karɓi haƙƙinsa tun kafin ya fita da haja, me zai dame shi in ba ta sayu ba? Shi cinikinsa ya riga ya faɗa, kai ne kasuwar.

Wannan sana'a ta tsufa. Fiye da shekara ɗari ke nan ana buga tallace-tallace a bayan mujallun Amurka ana cewa a aiko da baitoci a sa musu kiɗa. Duk wanda ya aika sai a amsa masa da cewa waƙarsa ta yi fice, sannan a biyo da lissafin kuɗi. Da ta gidan waya ake yi, yanzu ta Instagram da imel.

Ga yadda za ka gwada su ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Buɗe wani adireshin imel da wani suna, ka rubuta baitoci huɗu marasa kan gado da gangan, ba amsa-amo, ba ma'ana, ko jerin kayan miya ne, ka aika musu. In su ma aka ce an zaɓe su daga cikin dubbai, ka sami amsarka. Kamfanin da ke neman waƙar da za ta sayu yana ƙin mafi yawan abin da aka kawo masa. Wanda ke neman mai biya ba ya ƙin kowa.

Sai ka yi musu tambayoyi a rubuce. Su faɗa maka waƙa uku da suka sanya a hannun wani mawaƙi ko a wani fim cikin shekara biyu da suka wuce: sunan waƙar, wanda ya rera, wanda ya rubuta. Ka duba da kanka. Spotify na nuna sunayen marubutan waƙa, haka ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa na Amurka, ASCAP da BMI, suna da rumbun bincike a intanet kyauta. In ka samu sunan marubucin, neme shi ka tambaye shi ko ya san su. Jerin hotunan taurari da tambarin manyan kamfanoni a shafinsu ba hujja ba ce, kowa na iya kwafowa ya liƙa. Ka kuma tambaye su sunan mutumin da za su miƙa wa waƙar a kowane kamfani cikin goman nan. A nan yawanci magana ke fara yawo. Manyan kamfanoni irin su Universal da Sony da Warner ba sa sauraron waƙar da ba su nema ba, saboda gudun ƙarar satar fasaha; sai ta hannun lauya ko manaja ko mawallafin da suka sani. Saboda haka mutum na iya aika waƙarka adireshi goma, a goge ba a buɗe ba, kuma ya rantse ya cika alkawari, domin aikawa ya ce zai yi.

Duba shekarun shafinsu ta hanyar binciken WHOIS, wanda ke nuna ranar da aka yi wa shafin intanet rajista: kamfanin da ya ce ya shekara ashirin yana aiki amma shafinsa wata huɗu, ka ga alama. Sa adireshin ofishinsu a taswirar Google ka ga ko sitidiyo ne ko shagon karɓar wasiƙu. Sannan ka lura da hanyar biya. In suka ce katin kyauta, ko kirifto, ko asusun wani mutum da sunansa bai yi daidai da na kamfanin ba, to sun zaɓi hanyar da kuɗi ba ya dawowa. Wa'adin kwana ukun nan kuwa, don kada ka samu sukunin yin duk abin da muka lissafa ne.

Akwai kuma abin da su kansu ba su ambata ba. Wa zai rera Hausar? Mawaƙiyar haya a Nashbil ba ta san bambancin kukan yaro da kukar miya ba, ba ta san ɗaki da ƙafa da ɓera suna da harafin da ba ya cikin bakinta ba. Karin sauti da tsawon wasali su ne ƙashin bayan waƙar Hausa. In suka karye, dala 350 ka biya aka ɓata maka baiti.

Ba kuma duk mai karɓar kuɗi ne ɗan damfara ba, kada mu yi kuɗin goro. TAXI, wani kamfanin Amurka da ke aiki tun 1992, yana karɓar kuɗin shekara da ƙaramin kuɗi kan kowace waƙa, ya tace, ya miƙa kaɗan ga masu nema, sauran ya mayar da sharhi. Groover na Faransa da SubmitHub suna karɓar ɗan kuɗi don wani mai shiri ko mai jerin waƙoƙi ya saurara ya ba da amsa. Irin waɗannan sun faɗa a fili cewa sauraro suke sayarwa, ba nasara ba. Halal ɗin ciniki ne, amma ko su ba ma ba ka shawarar farawa da su da waƙar Hausa, domin yawancin masu neman waƙa ta hanyarsu kasuwar Turanci suke nufi. Masu sayen waƙarka suna kusa da shagonka: furodusoshin fim, mawaƙan da ke da murya ba su da alƙalami, masu biki, masu tallar kaya. Titin Gidan Zu, matattarar 'yan fim da sitidiyo a Kano, ya fi maka Nashbil kusa, kuma a can ido na ganin ido.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina rubuta waƙoƙin biki da na faɗakarwa, amma ba na rerawa. Ina son a buga mini guda biyu don in nuna wa mawaƙa. Wani sitidiyo ya ce in biya duka tukuna. Yaya zan gane mai gaskiya, kuma me ya kamata in karɓa in an gama?

AMSA: Malama, biyan sitidiyo daban yake da abin da muka faɗa a sama. Nan aiki kike saya, kamar ɗinki ko gini, ana gani ana ji. Matsalar tana farawa ne in aka haɗa aikin da romon baka, wato “in kin buga a wurinmu za mu kai ki wurin wane.” Ki raba biyun: ki yi cinikin bugu a matsayin bugu.

Kafin ma ki je, ki tambayi kanki ko kina buƙatar cikakken kiɗa. Mawaƙin da zai sayi waƙa kari da kalmomi yake saurara. Murya ɗaya mai tsabta da fiyano ko gita ɗaya sun isa. Ko da waya ana iya yi: ɗaki mai katifa da labule don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, a kashe fanka, a sa wayar a yanayin jirgi, a ajiye ta kamar kamu ɗaya daga baki, ɗan gefe kaɗan don iskar “fa” da “ba” kada ta buge ta. Waƙar kada ta wuce minti uku zuwa uku da rabi, amshi ya shigo kafin minti ɗaya ya cika. Mu Hausawa muna son doguwar shimfiɗa da jerin gaisuwa a farkon waƙa. A demo wannan yankewa ake yi, domin mai sauraro ba zai jira ba. In za ki tura ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, saboda saƙon murya matse sauti yake yi.

In kuma kin fi son sitidiyo, ki je da ƙafarki tare da wani naki. Ki ce a kunna miki ayyuka uku irin salon da kike so, kuma a buɗe su a kan kwamfutar aikin, ki ga layukan kiɗa da na murya a jere. Wannan yana da muhimmanci yanzu, domin akwai masu zuba baitocin mutum a manhajar ƙirƙirarriyar basira irin Suno, cikin minti biyu ta fitar da waƙa, su sayar a matsayin aikin hannu. Alamarta: lafazin Hausa a karkace, muryar da ba za a iya nuna miki mai ita ba, kuma in kin ce a gyara kalma ɗaya a baiti na biyu sau da yawa sai waƙar ta sauya. Bayan haka, waƙar da aka fitar da tsarin kyauta na irin wannan manhaja ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba.

Kada ki biya duka. Rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓa, shi ne adalci ga kowa. Shi ma makaɗi yana da haƙƙin ya riƙe cikakken fayil har ki cika. A rubuta a takarda, ko shafi ɗaya ne: jimlar kuɗi da abin da ya ƙunsa (kiɗa, mawaƙi, 'yan amshi, miksin da mastarin, wato haɗa sauti da daidaita shi na ƙarshe), ranar gamawa, da sau nawa za a yi gyara kyauta, biyu shi ne daidai. Rigimar da ta fi yawa ita ce a ce kuɗin 'yar amshi daban bayan an riga an ɗauki muryarta.

Ranar karɓa ki tafi da filashinki. Ki karɓi cikakkiyar waƙar a WAV, 24-bit, 44.1 ko 48 kHz. Kwafin MP3 na 320 kbps don turawa. Kiɗa zalla ba murya. Murya zalla ba kiɗa. Da kowane layi a ware, ganguna daban, fiyano daban, amshi daban. Dalilin na ƙarshen: in mawaƙi ya so waƙar amma muryarsa ta fi ƙasa, da warerrun layuka za a sauke kiɗan cikin awa ɗaya a kowane sitidiyo. In babu su, ko kwamfutar wancan ta lalace, abin da ke faruwa ba sau ɗaya ba, sai an sake bugu daga farko da sabon kuɗi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ake jin kunyar faɗa. Waƙa tana da haƙƙi biyu: na kalmomi da kari, da na sautin da aka naɗa. In ke kika zo da kalmomi, makaɗi ya ƙirƙiro karin, to yana da kaso a waƙar, sai dai in ya rubuta ya sallama. Ku zauna a ranar ku rubuta rabon, misali 50 da 50, ko a biya shi ya sa hannu cewa aikin haya ya yi. Mai rerawar ma ta sa hannu cewa muryarta ta demo ce, ba za ta saki waƙar da sunanta ba. Da yawa an wayi gari an ji demo a TikTok da sunan wanda aka ɗauko ya rera.

TAMBAYA: Daga Maradi nake rubutowa. Wani kamfani ya aiko mini yarjejeniya da Faransanci. Ba su nemi kuɗi da yawa ba, jaka hamsin na sefa “kuɗin buɗe fayil”. Amma na ga an rubuta cewa na ba su waƙoƙina duka, a duk duniya, har tsawon wa'adin haƙƙin. Suka ce haka kowa yake yi.

AMSA: Yallaɓai, a nan ba jaka hamsin ɗin ce babbar asara ba, takardar ce. Wa'adin haƙƙin waƙa yana wuce rayuwar mai ita da shekaru masu yawa. A dokar Najeriya ta 2022 shekara 70 ne bayan rasuwarsa. Ke nan gādon 'ya'yanka ake nema ka sa wa hannu, kuma kai za ka biya a karɓe.

Gaskiya ne mawallafa na karɓar haƙƙi, amma da sharuɗɗa. A tsarin da aka saba, rabin kuɗin marubuci ne, ba a taɓa shi. Rabin da ya rage shi ake ciniki a kai. Mai tattara kuɗi kawai, wanda ba ya mallakar waƙar, yakan ci kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Wakilan da ke sanya waƙa a fim da talla sukan ci fiye da haka, har rabi, amma bayan kuɗi ya shigo. Ka nemi a gyara abu huɗu: yarjejeniyar ta tsaya kan waƙoƙin da aka ambata da suna, ba duk abin da ka rubuta da wanda za ka rubuta ba, a sa wa'adin dawowa, in ba su sanya waƙar a ko'ina ba cikin wata 12 zuwa 24 haƙƙin ya komo hannunka ba tare da ka biya komai ba, su aiko lissafi duk wata shida, kana da ikon a bincika littafinsu, kuma a cire kuɗin buɗe fayil. Mawallafin gaske zai yi ja-in-ja kan watanni, amma ba zai tsorata da maganar ba. Wanda ya ce ba a taɓa ko waƙafi, bar shi da takardarsa.

Kai ta ofishin BNDA, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, ko wurin lauya, kafin ka sa hannu. Ga masu karatu a Najeriya: haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta ko an naɗi waƙar, rajista ba sharaɗi ba ce, amma takardar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, shaida ce mai amfani in rigima ta tashi, kuma kai da kanka za ka iya nemanta ta intanet ba sai ka biya ɗan tsakani ba. Sallama haƙƙi kuwa ba ta inganta sai a rubuce. Kuɗin da ke fitowa daga rediyo da wuraren taro ƙungiyar tattarawa ke karɓa, irin MCSN a Najeriya da GHAMRO a Gana.

TAMBAYA: Daga Jos. Wani ya ce in na ba shi naira dubu 80 zai samo mini sauraro 50,000 a Spotify cikin mako biyu, ya kuma sa ni a manyan jerin waƙoƙi.

AMSA: Ƙanina, ba wanda zai iya yi maka alkawarin adadin kunnuwan mutane. Wanda ya yanka maka lamba da rana, na'urori zai sa su kunna. Spotify na ƙirga sauraro daga daƙiƙa 30, masu wannan aiki sun sani, shi ma Spotify ya san sun sani. A shafinka na Spotify for Artists za ka ga alamun: dubban sauraro daga wani gari ɗaya da ba ka da kowa a can, ba wanda ya ajiye waƙar, mabiya ba su ƙaru ba, ranar da kuɗinka ya ƙare lamba ta faɗo ƙasa warwas. Sakamakon a kanka yake sauka: a soke sauraron, a riƙe kuɗin, a iya cire waƙar. Tun 2024 Spotify na cin tarar kamfanonin rarrabawa, wato masu ɗora maka waƙa a Spotify, kan irin wannan, su kuma su juyo kanka ko su rufe asusunka. Miƙa waƙa ga editocin Spotify kyauta ne, daga cikin shafin nan, aƙalla kwana 7 kafin ranar fitarwa, kuma a ƙa'idarsu ba a sayen gurbi a jeri. Audiomack ma kai tsaye ake ɗorawa ba kuɗi. In kana da dubu 80 ɗin, yi gajeren bidiyo mai kyau na amshin, ka biya talla da hannunka a Facebook ko TikTok, ka zaɓi Jos da Kaduna da Kano da Bauci, inda za ka ga kowace naira ina ta tafi. Rediyo kuma, in za ka biya, ka biya a sashen kasuwanci na gidan, ka karɓi rasit da jadawalin lokutan sakawa.

TAMBAYA: Ni dattijo ne. Ɗana ya riga ya tura wa wasu kuɗi sau biyu, yanzu sun ce sai ya ƙara na “sakin kwangila”. Ya ɓoye mini sai jiya.

AMSA: Baba, Allah ya mayar da alheri. Kada a ƙara ko sisi. Biya na uku ba ya fito da na farko, shi ma da na huɗu a bayansa. A yi haƙuri da yi wa yaron faɗa tukuna, domin ana buƙatar ya buɗe wayarsa ba tare da ya goge komai don kunya ba. A ɗauki hoton duk hirar, da shaidar tura kuɗi, da lambar asusu da sunan da ke kansa, da shafinsu kafin su rufe shi. Yau ɗin nan a je banki a shigar da ƙorafi a rubuce a karɓi lambarsa: in asusun na cikin gida ne, saurin kai rahoto shi ke sa a iya tsare abin da ya rage a ciki, in da kati aka biya, a nemi bankin ya buɗe takaddamar mayar da kuɗi, wadda ita ma tana da wa'adi. Daga nan a kai wa EFCC ko 'yan sanda, domin karɓar kuɗi da alkawarin ƙarya laifi ne a dokar zamba ta 2006. In kamfani ne mai rajista da ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba, sunansa zai fito a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma hukumar kare masu saye, FCCPC, na karɓar irin wannan ƙorafi.

In ya sa hannu a wata takarda, a kai wa lauya ya rubuta musu wasiƙar janyewa, a ajiye kwafi tare da asalin rubutun waƙoƙin da muryoyin farko da ke wayarsa masu kwanan wata. Kuma a sa ido: nan da 'yan kwanaki wani zai iya ɓullowa ya ce shi jami'i ne ko lauya, zai ƙwato kuɗin in an ba shi na aiki. Sau da yawa su ɗin ne dai, da sabuwar lamba.